Baffa da Fasfo Biyu

Ranar da Baffa ya rasu, titin gidansa a Nassarawa ya cika da motoci har sai da masu gadin maƙwabta suka fito suna ba da hannu. An kafa rumfuna uku a gindin darbejiya, an jera kujerun roba, manya suka zo da 'yan sandansu, tsofaffin ɗalibansa suka zo da furfurarsu. Duk wanda ya zauna sai ya girgiza kai ya ce babban bango ya faɗi. Wani tsohon ɗan siyasa da suka shekara ashirin ba sa ga-maciji da shi, ina jin sa ta tagar falo yana cewa bai taɓa ganin mai sanyin hali kamar marigayi ba. Baffa da sanyin hali. Da mamaci yana iya tsaki, da an jiwo shi tun daga maƙabarta.

A cikin gida kuwa mata ne, tabarma na taɓa tabarma. A shigo, a durƙusa, a ce ya haƙuri, a ce Allah ya jiƙansa, halinsa na gari ya bi shi. Ni ina gefe ina miƙa wa baƙi ruwa, ina amsawa da amin kamar kowa, ina kuma duban fuskokinsu ina tuna wace da wace ya taɓa sa wa kuka ranar bikinta.

Mutum biyu na gani waɗanda baƙin cikinsu bai yi kama da na aro ba. Ɗaya direbansa, dattijo daga wajen Jigawa, wanda ya shekara talatin yana tuƙa shi. Ya zauna a bakin gareji ya ƙi cin komai. Ɗayan mai lambu ne, shi ma tsoho. Na same shi a bayan gida yana ban ruwa ranar da ba wanda ya sa shi. Ya nuna min wata bishiyar gwaiba da ta yi nauyi da 'ya'ya.

"Malama, kin ga wannan? Ranar da na dasa ta Alhaji ya zo ya tsaya a kaina ya ce mutuwa za ta yi, ƙasar nan ba ta gwaiba ba ce. Wallahi saboda maganar nan na riƙa ba ta ruwa safe da yamma, don kawai in ga ya ji kunya." Ya share ido da gefen riga. "To yanzu wa zai ce min shukata mutuwa za ta yi?"

Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kuma sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Ɗalibansa suna haɗa rubuce-rubucen tunawa da shi, sun ce in ba da nawa, tunda ni ma malamar adabi ce kuma a hannunsa na koyi riƙe alƙalami. Zan bayar. Ba na son a manta da shi, amma ba na son a tuna da wani mai sanyin hali da bai taɓa rayuwa ba a sa masa sunan Baffa.

Ranar sadakar uku, bayan baƙi sun ragu, matarsa Hajiya ta riƙa kiran dangi ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin da take takaba. Tana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Abu ɗaya take faɗa wa kowa: "Baffanku yana da kaifin baki, kun sani, na sani. Ina roƙon arziki a yafe masa." Kowa ya ce ya yafe duniya da lahira. Mahaifiyata, Umma, ita ta fara faɗa. Da aka zo kaina na durƙusa na ce Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Hajiya ta daɗe tana kallona. "Amin. Amma 'yar nan, ba abin da na roƙa ba ke nan."

Na sunkuyar da kai.

"Je ki," in ji ta. "Ina nan har arba'in. Ba inda za ni."

Don a fahimci abin da ya riƙe min harshe, sai an san irin mutumin da ake magana.

Adabi ya koyar, shekara da shekaru, kuma yana rubuta wa ɗalibansa wasannin kwaikwayo. Ban san ko ɗaya da aka tashi daga kallonsa ana dariya ba. Yana da wata magana da duk wanda ya zauna a ajinsa ya haddace: duk labarin da ya ƙare da biki, marubucin ne ya gaji, ba labarin ne ya ƙare ba. Muna yara, idan muka je hutu gidansa, da rana tsaka yake yi mana tatsuniya a gindin mangwaro, duk da tsofaffi sun hana tatsuniyar rana. Sai an zo inda yarinya ta tsira daga dodo, gari ya ɗauki guɗa, mun fara tafi, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Sai me?" Daga nan ya ci gaba: rijiyar garin ta ƙafe, mijin ya makance, ɗanta ya tafi fatauci bai dawo ba. Mu tashi jiki a sanyaye, shi kuma ya koma karatun jaridarsa hankali kwance. Ina aji biyu na sakandare na rubuta labarina na farko na kai masa da rawar jiki. Ya karanta har ƙarshe, ya zaro jan biro ya soke shafin ƙarshe tun daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe: "Ƙarya ce. Ki sake."

Da a aji abin ya tsaya, da sauƙi. Baffa bai iya cewa barka ba. A ɗaurin aure sai ya kama hannun ango ya ce Allah ya ba ku haƙurin abin da ke tafe. Ranar suna a miƙa masa jariri, ya leƙa fuskarsa ya ce, "Sannu da zuwa. Ka yi haƙuri, ba mu gyara maka komai ba." Mutane su yi dariya su ce Alhaji akwai barkwanci. Ba barkwanci yake ba, kuma mai jego ta san haka.

An ce siyasa ce ta mai da shi haka. Ya taɓa riƙe kwamishina na shekara ɗaya da 'yan watanni, sojoji suka karɓi mulki, aka tsare shi, ya fito ya tarar waɗanda suke yi masa kirari jiya suna tsallaka titi idan sun hango motarsa. Wataƙila haka ne. Amma mutane da yawa an tsare su sun fito, ba su mai da sauran rayuwarsu zaman makoki ba. Abin mamaki, bai taɓa fashin zaɓe ba. Tun da sassafe direba zai kai shi rumfar zaɓe da 'yar kujerarsa ta naɗewa, shi ne na farko a layi. Idan aka tambaye shi wa ya zaɓa sai ya ce, "Wanda zai faɗi. Shi kaɗai ne ba zai samu damar ba ni kunya ba." 'Yan takara suna zuwa neman albarka, ya sa a kawo musu shayi, ya zauna ya ba su labarin yadda za su ƙare, dalla-dalla, har da wanda zai fara juya musu baya. Abin haushin shi ne yawanci yana yin daidai. Wannan ne ya sa kowa yake tsoron bakinsa, har da waɗanda ya kamata su taka masa burki.

Salla kuwa ba ta wuce shi a jam'i, sahun gaba, dama da liman. Amma shi da limamin masallacin unguwa kullum cikin sa-in-sa suke. Wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan kyautata zato, Baffa ya tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, ka ce musu sauƙi na nan tafe. Yaushe? Mutumin da ke bayana a sahu ya shekara talatin yana jira."

"Alhaji, yanke ƙauna ba halin mumini ba ne."

"Ni ban yanke ƙauna daga Allah ba. Daga duniya na yanke, ita kuwa dama ba ta yi min alkawari ba."

Liman ya taɓa ce min bai taɓa kama Baffa da kuskure a mas'ala ko ɗaya ba, sai dai addininsa kamar ɗaki ne mai kyau da aka manta ba a fitar masa da taga ba.

Zan faɗi alherinsa, don in na ɓoye na zama maƙaryaciya irin masu rumfa. Ɗana na fari ya zo babu rai. Mata suka cika ɗaki suna cewa mai ceto ne, kina da ƙuruciya, za ki samu wani. Ga kuma kunyar ɗan fari: ba a so a ga hawayen uwa a kansa, sai a ce ba ta da kara. Na kwana biyu ina haɗiye kukana. Rana ta uku da hantsi Baffa ya zo, ya ce duk a ba shi wuri. Ya ja kujera ya zauna.

"Uwata, ƙarya suke yi miki. Ba za ki samu wani ba. Za ki samu waɗansu in Allah ya so, amma wannan shi ke nan, ba mai maye gurbinsa. Abu ne mai ciwo, kuma ba shi da wani gefe mai daɗi. Yi kukanki, ni zan tsare ƙofa."

Ya fita da kujerarsa ya kafa ta a bakin ƙofa. Har surukata ya mayar. Na yi kuka har muryata ta dushe, kuma daga ranar na fara warkewa. Ba wanda ya taɓa yi min irin wannan, kafin nan ko bayan nan. Na san da wannan lokacin da na durƙusa a gaban Hajiya, kuma bai isa ba.

Mahaifina, Abba, ya girmi tsoron komai ban da na yayansa da na allura. Ma'aikacin wata masana'anta ne a wajen Dakata, gidanmu yana Kawaji. Hirarsa ba ta wuce farashin gas da labaran rediyo da wanda ya haihu a unguwa. Mutum ne mai son dariya, mai shigowa gida da tsire a takarda ba tare da wani dalili ba. Amma da furfurarsa da komai bai taɓa zama a kujera a gaban Baffa ba. Tun daga bakin baranda yake cire takalmi. Idan Yaya ya ce, to an gama. Tun rasuwar kakanmu duk takardun dangi a durowar ƙarfe ta Baffa suke zama, na gida, na gona, har da fasfon kowa, don haka aka saba, babba shi ke riƙe takarda.

Yana da shekara hamsin da takwas likitoci suka ce jijiyar zuciyarsa ta toshe, sai an yi masa aiki, kuma suka ba da shawarar a kai shi Masar. Suka ce aiki ne da ake yi kullum ana tashi. Aka yi komai. Biza ta fito, aka mayar da fasfo durowar Baffa kamar yadda aka saba, aka yanki tikiti, Umma ta haɗa jaka har da yaji da kilishi. Saura kwana biyu tafiya Abba ya tafi Nassarawa bayan la'asar don ya karɓo fasfo. Direba ya ce a gindin mangwaron nan suka zauna, Baffa a kujera, Abba a tabarma, har aka kira magariba. Abba ya dawo gida hannu rabbana.

"Na fasa," in ji shi. "Mutum ya tarbi ƙarshensa a tsaye a ɗakinsa ya fi a kwantar da shi a yanka a ƙasar da ba a san sunan ubansa ba."

Ina jin haka na san ba bakinsa ba ne. Abba bai taɓa haɗa jimla irin wannan ba a rayuwarsa. Muka yi roƙo, muka yi kuka. Liman da kansa ya zo har Kawaji ya ce masa neman magani ba ya karya tawakkali. Abba ya yi murmushi ya ce Yaya ya riga ya yi masa bayani. Washegari na hau mota na tafi Nassarawa. Na samu Baffa yana gyaran rubutun wani ɗalibi.

"Baffa, ka ce masa ya tafi."

"Ban hana shi ba."

"Na sani. Ka ce masa ya tafi."

Ya cire tabarau ya dube ni, kuma na rantse da tausayi ya dube ni. "Uwata, shekara biyar za su ƙara masa, ko bakwai. Sai me?"

Wata bakwai bayan nan Abba ya faɗi a ƙofar gida yana dawowa daga sallar asuba da burodi a hannu. Ƙanwata ba ta yi aure ba a lokacin, autanmu bai gama sakandare ba, ɗiyata tana rarrafe. Shekara biyar ɗin da Baffa ya raina, da ta isa Abba ya ga duk waɗannan. Ga amsar "sai me", amma ba a ba ni damar ba da ita ba sai da ta zama ba ta da amfani.

Ranar sadakar ukun Abba, Baffa ya miƙe a cikin maza ya yi jawabi. Ya ce ƙaninsa mutum ne da ya dubi mutuwa ido cikin ido bai ƙifta ba, ya ce a zamanin da kowa ke gudun ƙaddara da jirgin sama an samu namiji ɗaya da ya tsaya. Manyan mutane suna share hawaye. Ban taɓa jin ya yi magana mai kyau kamar ta ranar ba, kuma kyawun nata ne ya tunzura ni. Na tsaya a bakin zaure, inda mace ba ta tsayawa a irin wannan rana, na ce, "Baffa, ka samu ƙarshen da kake so?" Daga baya Umma ta tilasta min na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Na faɗi kalmomin, ya ce ba komai. Daga nan tsakanina da shi sai gaisuwa.

Shekara huɗu bayan haka tasa zuciyar ta fara ba shi matsala. Ban ji an yi zaman gindin mangwaro ba. Cikin mako biyu yana Masar. Ya sake komawa, sannan ya je Indiya. Shekara takwas ya ƙara a duniya da aikin likitocin ƙasashen da ba su san sunan ubansa ba. Yana shan magani a kan minti, yana auna jininsa safe da yamma, ya bar gishiri, ya bar nama, har tattaki yake yi a layukan Nassarawa da farin kambas. Bayan dawowarsa ta farko Umma ta sa ni dole na je sannu da zuwa. Na gaishe shi, na kasa riƙe bakina.

"Baffa, ashe ana zuwa."

"Ana zuwa, Uwata. Matsorata suna zuwa. Ubanki ya fi ni. Ni na iya faɗa, shi ya iya aikatawa."

Na tsane shi a wannan lokacin fiye da kowane lokaci, kuma ba na jin kunyar rubuta kalmar. Ko amsa laifi zai yi sai ya tsara ta yadda za a iya haddacewa. Da ya yi shiru, ko ya yi in-ina, ko ya ce na yi kuskure kamar yadda talakawan Allah suke faɗa, da tuni an wuce wurin.

Mako uku bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka buɗe durowar ƙarfe don a mayar wa kowane gida takardunsa. Na Kawaji duk suna nan ban da fasfon Abba. Ana cikin nema sai direba ya je ya ɗauko wata 'yar jakar fata da Baffa yake tafiya da ita. A ciki akwai fasfo biyu an ɗaure su da roba ɗaya. Direban ya ce duk tafiyar da Alhaji zai yi, a filin jirgi sai ya zaro su ya duba duka biyun kafin ya sauka daga mota. Ya taɓa tambayarsa na waye ɗayan, ya ce masa na abokin tafiya ne.

Hajiya ta aiko a kira ni ta damƙa min su da hannu biyu. Na ga a idonta tana zaton wannan zai narkar da ni. Na buɗe na farko. Ga Abba da hularsa a karkace kamar kullum, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya. Ga bizar Masar, tsaf, ba hatimin shiga ba na fita. Na buɗe na Baffa, shafi bayan shafi duk tambari. Sau uku ya kai takardar inda ya kamata mai ita ya je sau ɗaya. Ban san ko nadama ce ba, ko kuwa wani wasan kwaikwayon ne da ya shirya wa kansa, shi ne ɗan wasa shi ne ɗan kallo. Na yi wa Hajiya godiya na fito da na Abba.

Kawaji na wuce. Na samu Umma a tsakar gida tana tsintar wake. Na ajiye fasfon a gefen tire. Ta goge hannu ta buɗe, ta daɗe a kan hoton.

"Umma, ke ta yaya kika iya yafewa?"

Ta ci gaba da tsintarta. "Akwai abin da ban gaya muku ba, don kada ku raina shi. Ubanku tsoro yake ji. Tun da aka ce wuƙa bai ƙara cin abincin kirki ba. Ranar da zai je karɓo takardar nan ya ce min, zan je wurin Yaya, in ya ce tafi, na tafi. Da ya dawo ya gaya min komai. Ya ce ya faɗa wa yayansa gaskiya, har da hawaye. Baffanku ya ji tausayinsa. Sai ya ɗinka wa tsoron riga ya sa masa suna jarumta, don kada ƙaninsa ya ji kunya a gabanmu." Ta watsar da wani ƙwaro. "Tausayi ne, irin nasa. Shi ya sa na yafe."

Umma ta zaci ta kashe wutar. Fetur ta zuba. Ashe Abba ba hujja ya je nema ba, tsawa ya je nema. Mutumin da bai taɓa saɓa wa yayansa ba ko a kan kalar fentin gida, ya je ya durƙusa da tsoronsa a hannu yana jiran a ce masa tashi ka ba ni wuri, jibi za ka hau jirgi. Kalma ɗaya ce, tafi. Kowane jahilin yaya a ƙauye ya san ita ake faɗa. Amma malamin adabi yana da abin da ya fi ta kyau a bakinsa, kuma bai iya barin kyakkyawar jimla ta wuce shi ba. Ya shekara arba'in yana koyar da cewa ba abin da ke ƙarewa da kyau, ranar da aka kawo masa labari ɗaya da yake da ikon gyara wa ƙarshe, sai ya zaro jan biro.

Ranar arba'in aka sake kafa rumfa, guda ɗaya wannan karon, manyan ma ba su dawo ba. An yi waina da gumba an raba. Bayan azahar Hajiya ta aiko. Ta rame, takaba ta ci ta. Akwai Umma a ɗakin da gwaggonmu da wasu mata biyu. Na durƙusa.

"To, 'yar nan."

"Hajiya, ki gafarce ni. Ban iya ba tukuna."

Ba ta yi fushi ba. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. "Shi ke nan, ba zan matsa miki ba. Dama ya faɗa. A asibiti na ce masa a kira ki ya nemi gafararki tun da sauran numfashi. Ya ce, bar ta, ba za ta yafe ba, kuma tana da gaskiya. Ya ce, ɗalibata ce, duk cikinsu ita ce ta san yadda labari yake ƙarewa."

Wato har wannan ma ya rubuta. Ya kwanta a gadon asibiti ya tsara min matsayina: 'yar ƙanin da za ta tsufa da ƙulli a zuciya, ta tabbatar wa duniya cewa Malam ya yi daidai ko yana kabari. Na tuna ɗiyata ta taɓa tambayata me ya sa idan ta kawo sakamako mai kyau ba na cewa barka, sai in ce a dai ga na gaba. Na tuna jan biron da ke cikin jakata da abin da nake yi wa shafin ƙarshe na labaran ɗalibaina. Ta tagar ɗakin ana hango bayan gida, mai lambu yana jan tiyo zuwa gindin gwaibarsa.

"Na yafe masa," na ce.

Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya dace da ɗakin takaba. Hajiya ta ɗago.

"Na yafe masa duniya da lahira. Na Abba da nawa duka. Bai san komai a kaina ba."

Hajiya ta fashe da kuka ta kamo kaina ta rungume. Matan suka ɗauki hamdala. Umma kaɗai ta dube ni ta gefen ido, don ita ta haife ni, ta san muryar yafiya ta kuma san muryar faɗa.

Na tambayi liman daga baya ko Allah yana karɓar yafiyar da aka yi don a ƙaryata mamaci. Ya yi dariya har ya riƙe gemu, sannan ya ce in ci gaba da maimaita ta, wata rana zuciya za ta tarar da harshe. Ina maimaitawa kowace safiya. Wata ranar gaskiya ce, wata ranar taurin kai ne kawai. Fasfon Abba yana durowata, na raba shi da robar.

Wannan shi ne Baffa kamar yadda na san shi: mai ilimi, mai salla, mai gaskiyar da ba ta da taga, wanda ya tsare min ƙofa na yi kuka, wanda kuma ya hana ubana kalma ɗaya. Kada a manta da shi, kuma kada a yi koyi da shi. Addu'ata gare shi ita ce wadda na san da yana nan da ya soke ta da jan biro: Allah ya ba shi kunya, ya ƙare masa labarinsa da kyau.